Gidan ruhubanawa na Cluny: tarihinsa, kangonsa da abin da ya bar wa masu nazarin harshe

0. Gabatarwa

Matsalar fassara ce ta jawo wannan ƙasida. Lokacin da muke aiki da wasu ɗalibai a kan mayar da darussan tarihin Turai zuwa Hausa, mun ci karo da kalmomin Faransanci uku, moine, monastère da abbé, kuma kowane ɗalibi ya ba su suna dabam. Wani ya sa "sufi", wani ya sa "mai halwa", wani kuma ya rubuta "zawiyar Kirista". A ganinmu babu wadda ta zauna daidai. Sufi yana aure, yana fatauci, yana zaune cikin jama'a. Halwa kuwa ta ɗan lokaci ce, mai ita yana fitowa. Mutanen da muke magana a kansu sun yi alkawarin zama gida guda har mutuwa, ba aure, ba dukiyar kai, ƙarƙashin shugaba guda da doka rubutacciya. Saboda haka muka zaɓi "ruhubanawa", kalmar da ta fito daga Larabci kuma malamanmu suka san ta a wajen tafsiri. Tilonta muna ba da shawarar a ce "baruhubane", bisa tsarin Bahaushe da Hausawa. Shi kuwa abbé, wanda asalinsa kalmar Aramiyanci ce mai ma'anar uba, za mu ce masa "shugaban gida".

Amma kalma ba ta kama ƙasa sai an san abin da take nufi. Don haka muka ɗauki misali guda, watau Cluny, a yankin Bourgogne na Faransa, kimanin kilometir 20 arewa maso yamma da birnin Mâcon. Za mu bi tarihinsa a taƙaice, mu tsaya a wurare biyu da suka shafi aikinmu na harshe, sannan mu dubi abin da ya rage a tsaye.

1. Kafuwa da bunƙasa

A shekara ta 910 (wasu masana suna karanta kwanan takardar 909), Guillaume, sarkin Aquitaine, ya ba da wani fili nasa na bakin kogin Grosne domin a kafa gidan ruhubanawa masu bin dokar Benoît, wadda aka rubuta a Italiya a ƙarni na 6. Ba wannan ba ne sabon abu, sarakunan zamanin sun saba yin haka don neman gafara. Sabon abu yana cikin sharuɗɗan takardar. Guillaume ya cire hannunsa da na magadansa daga gidan, ya mallaka shi ga manzanni biyu, Bitrus da Bulus, ya sa shi ƙarƙashin kariyar Paparoma, ya kuma ce ruhubanawa su ne za su riƙa zaɓen shugabansu bayan na farko, mai suna Bernon. A lokacin da yawancin irin waɗannan gidaje suke hannun iyalan masu sarauta, suna naɗa ƴan'uwansu suna cin amfanin gonaki, wannan ƴanci babban jari ne. Daga baya Paparoma ya ƙara masa ƙarfi, a 998 da 1024, inda ya fitar da Cluny daga ikon bishop na Mâcon.

Abu na biyu da ya taimaki gidan shi ne tsawon ran shugabanninsa. Daga 954 zuwa 1109, watau shekara 155, mutum uku kaɗai suka riƙe shi: Mayeul, Odilon da Hugues de Semur. Duk wanda ya san yadda rikicin gado ke rushe masarauta zai gane darajar wannan. A zamaninsu gidaje masu yawa a Faransa, Italiya, Ispaniya, Ingila da ƙasashen Jamus suka shiga ƙarƙashin Cluny. Ƙidayar masana ta bambanta gwargwadon abin da kowa yake ɗauka a matsayin "shiga ƙarƙashi", amma ana maganar ɗaruruwa, wasu har suna kai wa dubu ko fiye. Mafi yawansu ba su da shugaban kansu, sai wakili wanda Cluny ke naɗawa.

Mene ne aikin waɗannan mutane? Dokar Benoît ta raba yini tsakanin addu'a, karatu da aikin hannu, ta kuma ce a sauke zabura 150 a mako. A Cluny addu'a ta cinye kusan komi, har a ƙarshen ƙarni na 11 zaburar da ake rerawa a yini guda takan wuce 200. Noma ya koma hannun talakawa da barori. Dalilin haka shi ne yi wa matattu addu'a. Mai dukiya yakan ba da gona ko gonar inabi, a rubuta sunansa cikin littafin gidan, a riƙa tuna shi kowace shekara. Odilon ne ya kafa ranar 2 ga Nuwamba a matsayin ranar tunawa da dukan matattu, al'adar da Katolika ke bi har yau. Akwai kuma wata ƙa'ida: ranar zagayowar mutuwar baruhubane, abincin da zai ci da yana raye sai a ba wani matalauci. Da matattu suka yi yawa, sadakar ta fi ƙarfin rumbu, sai da aka ƙayyade ta a kwano 50 a yini a ƙarni na 12.

2. Zinariyar Andalus da babbar majami'a

A 1088 Hugues ya aza harsashin majami'a ta uku, wadda masana ke kira Cluny III. Tsawonta da zaurenta ya kai metir 187, tsayin rufin tsakiya kusan metir 30. Ita ce mafi girma a duk Kiristancin Yamma har zuwa lokacin da aka sake gina majami'ar Bitrus ta Roma a ƙarni na 16. Paparoma Urbain II, wanda shi kansa tsohon baruhubanen Cluny ne, ya tsarkake babban bagadinta a Oktoba 1095, a kan hanyarsa ta zuwa Clermont inda ya yi kiran yaƙin ƴan gicciye na farko bayan wata guda. An yi bukin buɗe ginin a 1130.

Tambayar da ya kamata ɗalibi ya yi ita ce: daga ina kuɗin suka fito? Babban kaso ya fito daga sarakunan León da Castille. Ferdinand I ya yi alkawarin ba Cluny zinariya 1000 kowace shekara, ɗansa Alphonse VI ya ninka ta zuwa 2000 a 1077. Su kuma waɗannan sarakuna suna karɓar zinariyar ne a matsayin gandu daga ƙananan daulolin Musulmi na Andalus, waɗanda suka rarrabu bayan faɗuwar halifancin Kurɗuba a 1031. Babban ɓangare na zinariyar da ake bugawa a Andalus da Magrib a wancan zamani ta ƙetaro Sahara ne daga Afirka ta Yamma. Ke nan ba ƙari ba ne idan muka ce akwai gumin masu haƙar zinariya na ƙasar baƙar fata cikin duwatsun Bourgogne, ko da yake masu haƙar da masu ginin ba su san da juna ba.

Wannan hanya ta toshe da wuri. Almurabiɗun sun ƙetaro daga Maroko, suka ci Alphonse VI da yaƙi a Zallaƙa a 1086, suka haɗiye ƙananan daulolin ɗaya bayan ɗaya, gandu ya tsaya. Cluny ta saba sayen hatsi da giya da tsabar kuɗi maimakon dogara da gonakinta, sai ta faɗa bashi alhali gini bai ƙare ba. Rikici ya biyo baya: shugaba Pons ya sauka a 1122, ya dawo da mayaƙa a 1125 ya ƙwace gidan, aka kore shi daga majami'a, ya mutu a Roma a 1126. A daidai wannan lokaci sabbin ruhubanawa na Cîteaux, gidan da aka kafa a 1098, suna sukar Cluny da yawan ado da cin daɗi, Bernard na Clairvaux yana kan gaba.

3. Shiru da maganar hannu

A nan muke so mu ɗan daɗe. A Cluny an hana magana a majami'a, ɗakin kwana, ɗakin cin abinci da madafa, haka kuma da dare da wasu ranaku gaba ɗaya. Amma mutum ɗari biyu ko uku ba za su zauna gida guda ba tare da neman gishiri ko littafi ba. Sai suka tsara alamu na hannu. Littattafan al'adun gidan guda biyu, na Bernard da na Ulrich, waɗanda aka rubuta a ƙarshen ƙarni na 11, sun kawo jerin alamu 118 da ake koya wa sabon shiga.

Ga kaɗan daga ciki. Burodi: a haɗa manyan yatsu da manuniya na hannu biyu a yi da'ira. Kifi: a kaɗa hannu kamar wutsiyar kifi cikin ruwa. Nono: a sa ƙaramin yatsa a leɓe kamar jinjiri yana tsotso. Cuku: a matse tafin hannu biyu kamar mai tatse shi. Wanda ya fi jan hankali shi ne na littafin marubutan Roma na zamanin jahiliyya: a yi alamar littafi, sannan a sosa kunne da yatsa kamar yadda kare ke yi da ƙafarsa. Alamar ta ƙunshi hukunci, amma kasancewarta cikin jerin ya nuna ana neman waɗannan littattafai ana karanta su.

Mai nazarin harshe zai lura da abu biyu. Na farko, akwai tsarin harɗa kalma: alama ta gaba ɗaya, a bi ta da alama mai fayyacewa. Alamar kifi tare da ƙari tana ba da sunan wani irin kifi, alamar burodi tare da ƙari tana ba da wani irin burodi. Tsari ne mai kama da namu na "kifin rijiya" ko "tuwon dawa", inda kai ke gaba, mai fayyacewa ke biye. Na biyu, kusan dukan alamun sunaye ne: abinci, tufafi, littattafan ibada, muƙamai. Aikatau kaɗan ne ƙwarai, babu hanyar nuna lokaci ko sarƙa jumla cikin jumla. Saboda haka ba mu yarda da masu kiran wannan abu "harshe" ba. Maganar hannu ta kurame, irin wadda ake yi a ƙasar Hausa, harshe ce cikakkiya mai nahawunta, yaro yana tashi da ita, ana ba da labari da ita, ana faɗa ana sulhu. Alamun Cluny kuwa ƙamus ne ƙarami na masu ji da magana, waɗanda ke tunani da Latin ko da harshen ƙauyensu. Kuma da gangan aka bar shi ƙarami, domin manufar ita ce a rage zance. Inda aka sake, abin ya yaɗu: jerin gidan Hirsau na Jamus, wanda ya koya daga Cluny, ya kai alamu 359, kuma wajajen 1180 Giraud de Barri ya yi ba'a ga ruhubanawan Canterbury saboda yawan surutun da suke yi da yatsu a wurin cin abinci. Wannan ya nuna mana cewa ko an ɗaure baki, buƙatar zance takan nemi wata ƙofa.

4. Fassarar Alƙur'ani ta 1143

Wanda ya gaji rikicin Pons shi ne Pierre, wanda ake wa laƙabi da le Vénérable, shugaba daga 1122 zuwa 1156. A 1142 ya tafi Ispaniya don duba gidajen Cluny da kuma neman sarki Alphonse VII ya biya tsohon alkawarin zinariya. A can ya sami masana biyu da ke fassara littattafan taurari da lissafi daga Larabci, Robert de Ketton mutumin Ingila da Hermann de Carinthie. Ya biya su kuɗi mai yawa suka ajiye aikinsu, ya haɗa su da Pierre de Tolède da kuma wani Musulmi mai suna Muhammad, domin su fassara masa littattafai a kan Musulunci. A 1143 Robert ya kammala fassarar Alƙur'ani zuwa Latin, ta farko cikakkiya a wani harshe na Yammacin Turai. Tsohon kofin aikin yana ɗakin karatu na Arsenal a Paris.

Kada mu yaudari kanmu game da manufar. An yi aikin ne don jayayya da Musulunci, sunan da aka ba fassarar na ɓatanci ne, bayanan gefen shafi ma haka. Abin da za a iya faɗa game da Pierre shi ne ya ga cewa ba a jayayya da abin da ba a karanta ba, kuma ya ce ya fi son hujja a kan takobi, a zamanin yaƙe-yaƙen ƴan gicciye.

Ta fuskar fassara, an daɗe ana zargin Robert da sakin nassi. Lalle bai bi kalma da kalma ba: ya sake gina jumloli bisa salon Latin mai nauyi, ya rarraba dogayen surori na farko har adadinsu ya kai 124 maimakon 114. Amma binciken Thomas Burman ya nuna cewa a wurare da dama abin da aka ɗauka ƙari ne na Robert, bayani ne da ya ɗauko daga tafsirin malaman Musulunci ya saka cikin jumla. Fassarar Marc de Tolède ta wajajen 1210 ta fi bin lafazi, amma ba ta yaɗu ba. Ta Robert ce aka buga a Bâle a 1543, daga gare ta aka yi ta Italiyanci a 1547, daga ta Italiyanci aka yi ta Jamusanci a 1616, daga wannan kuma ta Holanci a 1641. Fassarar fassarar fassara ke nan, kuma ɗalibanmu da ke mayar da rubutu zuwa Hausa ta hanyar Faransanci alhali asalinsa wani harshe ne, ya kamata su yi tunani a kan wannan sarƙa.

Wani ƙaramin abu da ya faranta mana rai: Robert ya rubuta "sura" da siffar azoara. Ya ɗauki kalmar tare da harafin ta'arifi na Larabci wanda ya narke cikin baƙin da ke binsa, kamar yadda Ispaniyanci ya yi a azúcar da aceite. Hausa ta yi daidai wannan a "asuba", "azahar" da "annabi". Harsuna biyu masu nisa da juna sun ari kalma ta kunne, sun haɗiye ta da harafinta.

5. Rushewa

Bayan ƙarni na 12 Cluny ta ci gaba da rayuwa shekaru ɗari shida, amma tasirinta ya ragu. Daga ƙarni na 16 sarkin Faransa ne ke ba da muƙamin shugaba ga manyan fadawa waɗanda ba su zama a gidan, sai dai su karɓi kuɗin shiga. Richelieu da Mazarin duk sun riƙe shi. A 1562, lokacin yaƙe-yaƙen addini, ƴan Furotesta sun washe gidan, littattafai da yawa suka salwanta. Wajajen 1750 ruhubanawan da kansu suka rushe tsofaffin ɗakunansu suka gina sababbi irin na zamanin.

Juyin juya halin Faransa ne ya kawo ƙarshe. A 1790 majalisa ta soke ƙungiyoyin ruhubanawa, a 1791 na Cluny suka watse, a 1793 aka ƙone takardu da yawa a dandalin garin. Amma ya kamata a lura cewa ba taron masu fushi ne ya rushe majami'ar ba. A 1798 gwamnati ta sayar da ita ga ƴan kasuwa, su kuma suka mayar da ita ma'aikatar dutse. Aka huda titi ta tsakiyarta, aka riƙa fasa ginshiƙai da albarushi ana sayar da duwatsu a keken doki, har zuwa 1823. Da waɗannan duwatsu aka gina wani ɓangare na bargar dawakin gwamnati da Napoléon ya kafa a wurin, da gidaje da yawa na garin. Shekara kusan 25 ana wannan aiki a hankali, da takardar ciniki a hannu.

6. Abin da ya rage

Wanda ya je Cluny yau zai iya wuce majami'ar bai san ya bi ta cikinta ba. Mu ma da muka ziyarci wurin a lokacin karatunmu, sai da aka nuna mana cewa dandalin da muke tsaye a kai shi ne zauren shiga. Abin da ke tsaye bai fi kashi ɗaya cikin goma ba: hannun kudu na babban gicciyen ginin, da hasumiyarsa mai kusurwa takwas da ake kira Eau-Bénite, da ƙaramar hasumiyar agogo, da ɗakin addu'a na Jean de Bourbon na ƙarni na 15, da gindin hasumiyoyi biyu na ƙofar yamma. Wanda ya shiga wannan hannu guda ya ɗaga kai, shi ne zai gane girman abin da aka rasa, domin kusurwa ce kawai ta ginin. A cikin tsohon rumbun gari na ƙarni na 13 an ajiye kawunan ginshiƙai takwas da suka tsira, biyu daga cikinsu an sassaƙa musu muryoyi takwas na waƙar ibada, kowace da rubutun Latin. Ɗakunan ƙarni na 18 kuwa tun 1901 makarantar injiniyoyi ta Arts et Métiers ke amfani da su.

Siffar majami'ar da ake gani a littattafai aikin Kenneth John Conant ne, Ba'amurke, wanda ya yi haƙa a wurin daga 1928 zuwa 1950 ya buga sakamakonsa a 1968. Masu binciken Faransa da suka biyo baya sun gyara wasu kwanakinsa da zane-zanensa, domin a wasu wurare ya cike giɓi da abin da yake tsammani. Takarda ta fi dutse sa'a: takardun kyauta da ciniki fiye da 5000 sun tsira, Auguste Bernard da Alexandre Bruel suka buga su cikin mujalladi shida daga 1876 zuwa 1903. A kansu Georges Duby ya gina littafinsa na 1953 a kan al'ummar yankin Mâcon. Ga mai nazarin harshe ma taska ce, domin Latin ɗin marubutan ƙauye na ƙarni na 10 cike yake da sunayen gonaki da na mutane da kurakuran nahawu waɗanda ke tona harshen da ake magana da shi a lokacin.

Ƙasa ma ba ta gama magana ba. A 2017 ƙungiyar Anne Baud da Anne Flammin, ta jami'ar Lyon 2 da cibiyar bincike ta CNRS, tana haƙa a wurin tsohon ɗakin marasa lafiya, ta tono wata dukiya da aka binne a farkon rabin ƙarni na 12: tsabar azurfa fiye da 2200, yawancinsu bugun Cluny, da zoben hatimi na zinariya, da naɗaɗɗen ganyen zinariya, da kuma dinari 21 a cikin ƴar jakar fata. Dinarin na Almurabiɗun ne, an buga su a Andalus da Maroko tsakanin 1121 da 1131, zamanin sarki Ali ɗan Yusuf, da rubutun Larabci a fuskokinsu biyu.